Kujera ta Goma Sha Uku

Zuwa ga Tela, 'yar Gwaggo,

Yau shekara biyu da wata huɗu rabona da ƙofar gidanku. Da safe na ƙirga, ina jiran a tayar da janareta, don a nan wurin ƙirga ce kaɗai ake yi ba a nemi izinin kowa ba.

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina gaida Gwaggo da ƙafarta. Ki ce mata ta daina hawa matakalar nan tana shanya, ai akwai masu ƙafa biyu lafiyayyu a gidan. Ni dai lafiya lau, ban da idanu da ke yi mini yaji in an tashi aiki, wanda kuwa duk mai walda ya san da shi. Madatsar ruwan da muke ginawa tana nan inda kika san ta, kullum ana cewa saura wata shida. Tun zuwana ake saura wata shida. Mu takwas ne a ɗaki, fanka ɗaya, ita ma sai an tura ta da sanda take tashi. Sabis ɗin waya kuwa sai ranar da aka kai mu gari, sau ɗaya a wata, shi ya sa har yanzu nake wahalar da direban tankar mai da wasiƙu kamar zamanin kakanni.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne 'yata Aku. Ranar da na kira, da ta karanta mini shafin da na rubuto mata, daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, sai na buɗe muryar wayar don mutanen ɗakinmu su ji. Wani dattijo mai tuƙa katafila ya ce, “Shekararta nawa?” Na ce bakwai. Ya ce, “To wannan sai dai lauya.” Tela, ba zan ɓoye miki ba, rabon da in ji daɗi irin na ranar tun kafin rasuwar uwarta. Duk tartsatsin da ke zuba a wuyana, in na tuna yarinyar nan tana karatu, sai in ce to, ba a banza ba.

Kafin layin ya yanke na ji kina cewa an ba da wata takarda daga makaranta. Takardar me? In kyauta ta ci, ki aiko in gani. In kuma taron iyaye ne, ki je a madadina, kin fi ni baki.

Ga shafinta nan a ciki kamar kullum.

Taubashinki,
Mai walda

*

Zuwa ga Mai walda, sarkin mita,

Wasiƙarka ta iso ranar Talata tana warin dizal. Kowa lafiya. Inna ta ce in gaya maka ƙafarta ce, matakalarta ce, in kana son hana ta ka dawo ka hana ta. Aku ta ƙara tsawo, rigar makarantar da na ɗinka mata bara ta kasa rufe gwiwa. Haƙoranta biyu na gaba sun fita, amma surutun bai ragu ba, iska ce kawai ta ƙaru a cikinsa.

Takardar ba ta kyauta ba ce, ba ta taro ba ce. Ga ta nan na haɗo maka. An kawo musu sabuwar malama a aji biyu. Su sittin da huɗu ne a ajin. Da ta zo sai ta ɗauki mako biyu tana kiran yaran ɗaya bayan ɗaya zuwa baranda tana gwada karatunsu. Daga nan ta ware goma sha biyu da za su riƙa zuwa da rabin awa kafin a kaɗa ƙararrawa, kwana huɗu a mako, ta zauna da su su kaɗai. Aku tana cikinsu. Ba a biyan komai. Amma dokar makarantar ce, yaro ba ya shiga harabar kafin lokaci sai uwa ko uba sun sa hannu, kuma nawa hannun bai isa ba tunda kana raye. Hedimasta ya ba da wa'adi daga nan zuwa ƙarshen wata mai zuwa.

Ka sa hannu a inda na yi alama da alli, ka ba direba. Kada ka tsaya dogon bincike irin naka. Sauran bayani sai mun yi waya.

Mai riƙe maka 'ya,
Tela

*

Tela,

Ina fata kuna lafiya. Ni ma haka.

Ga takardarku nan na dawo da ita yadda ta zo. Na karanta wasiƙarki sau huɗu, abu ɗaya na fahimta: an fitar da 'yata daga cikin yara an ajiye ta gefe.

Na san wannan aikin a makarantar gwamnati, ba labari aka ba ni ba. A zamaninmu benci ne a can baya, kusa da inda ake jingine tsintsiya. Duk wanda aka kai can ya gama. Malami ba ya ƙara kallonsa sai in ana neman mai goge allo. Yara su sa maka suna, sunan ya bi ka har ka yi gemu. Yanzu an yi wa bencin kwaskwarima, an mai da shi rabin awa da sassafe, don duk unguwa ta ga su wane ne ke shiga kafin ƙararrawa. Jakin nan ne dai, akumari aka sake masa.

Kuma da kunnena na ji yarinyar nan ta karanta shafi guda. Mutum bakwai sun shaida. Malamar da ta zo jiya, a cikin yara sittin da huɗu, minti nawa ta ba ta? Ko dai an ce mata ta cike gurbi goma sha biyu don masu zuwa duba makaranta su ga ana aiki, ta waiwaya ta ga marainiya wadda ubanta ba ya gari?

Ban san matar nan ba, ba zan ɗauki alhakinta ba. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya take yi. Wanda ya yi sammako ba a ƙara masa komai ba, ba zan kira shi mugu ba. Amma kuskure ta yi, kuma ba a kan 'yata za a gane haka ba. Kada a kai ta. In an matsa miki, ki ce ubanta ya ce a'a, ni zan ɗauki laifin.

Ke ma kin ba ni mamaki. Wai kada in tsaya dogon bincike. Yadi ce da za a ce in sa hannu a yanka?

Mai walda

*

Yaya,

Yau babu wasa a bakina. Kowa lafiya, Inna tana gaishe ka.

Laifina ne, kuma gara ka ji daga gare ni. Aku ba ta iya karatu ba. Shafin nan da kake rubuto mata, ni nake karanta mata. Tun farko takan ce, “Anti, karanta mini in ji muryar Baba.” In karanta sau ɗaya, sau biyu, shi ke nan ta ɗauke. Ranar waya sai ta riƙe takardar, tana bin layi da yatsa, tana zubo maka. Ban yi don in yaudare ka ba. Wallahi ni kaina na ɗauka karatun ke nan, ko dai farkonsa. Ai haka ake yi musu a aji, malami ya faɗa, su sittin su amsa, har littafin ya zauna musu a ka. Da hakan ta zo ta uku a jarrabawar bara. Wa zai zargi ta uku?

Da takardarka ta dawo ba hannu, na rufe shago na tafi makarantar da niyyar in wanke su tas a madadinka. Malamar 'yar siririya ce, ba ta kai ni shekaru ba, muryarta a dushe. Ba ta yi musu da ni ba. Ta ce in zauna, ta kira Aku, ta buɗe littafin aji a shafin da ke da hoton akuya a bakin rijiya. Aku ta zuba shi kaf, har tana kallona tana murmushi. Sai malamar ta buɗe wani shafin, ta rufe hoton da tafin hannunta, ta nuna kalmar ƙarshe ta layin ƙarshe, ta ce, “Wannan fa?”

Yaya, yarinyar nan ta yi shiru. Aku fa, wadda ko da loma a bakinta ba ta shiru. Ta yi ta leƙen ƙarƙashin hannun malamar. Can ta ce, “Malama, ɗaga hannunki kaɗan in ga ko wanne ne.” Kalmar haruffa huɗu ce. Gida aka rubuta.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malamar ta ce mata, “Madalla, je ki wasa,” sannan ta juyo ta ce mini, “Yarinyarki ba daƙiƙiya ba ce, kaifin kanta ne ya ɓoye ta. Irinta sun fi ba ni tsoro, don ba a gane su sai aji huɗu ko biyar, lokacin da hotuna suka ƙare, littafi ya fi ƙarfin hadda. A nan ake fara dukansu ana cewa sun lalace. Yanzu kuwa, in na same ta wata huɗu, nan gaba ba mai sanin an taɓa yi.” Na ce to me ya sa goma sha biyu kaɗai? Ta yi 'yar dariya ta ce, “Masu buƙata sun kai talatin. Kujerun ɗakin ne goma sha biyu.”

Na ga ɗakin. Babu tsintsiya, na duba maka. Tsohon sito ne aka share, tagarsa tana kallon ƙofar makaranta. Akwai gwangwani cike da murafun kwalba, kowanne da harafi a cikinsa, yara suna jera su a tebur suna haɗa sauti, wanda ya haɗa kalma ya yi ihu kamar ya tsinci kuɗi.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya maka ba. Ciwon cikin da take yi mini da safe tun bara, har na kai ta kemis sau biyu, sai yanzu na lura ranar Laraba yake zuwa. Ranar ce ake rubuta musu sabon abu a allo, wanda babu shi a littafi. Ta sani, Yaya. Mu ne ba mu sani ba.

Na bi umarninka, ban shigar da ita ba. An riƙe mata kujerar zuwa ƙarshen wata. Ga takardar na sake aikowa. In za ka zage ni ka zage ni, amma ka sa hannu tukuna.

Ƙanwarka,
Tela

*

Mai walda,

Muna lafiya, in kana son sani.

Mako biyar ke nan. Duk Talata in je ofishin kamfaninku, a ce mini babu saƙo, har maigadin wurin ya fara tausayina. Ranar waya ma ta zo ta wuce, Aku ta yini riƙe da wayar. Inna ta ce ƙila ba ka da lafiya. Na ce mata lafiyarka ƙalau, girman kai ne, shi kuwa ba ya kwantar da mutum.

Wata ya ƙare. Malamar ta ƙara mako guda a kan gaban kanta. Ranar Litinin za a ba wani yaron kujerar, kuma ban ga laifinta ba, akwai masu jira.

Maigidana ya ce in kwaikwayi sa hannunka, wa zai gane. Har na ɗauki biro na ajiye. Na riga na yi maka ƙarya ɗaya ba da sani ba, ba zan yi ta biyu da sani ba.

Ga abin da 'yarka take yi, tunda ka hana ta shiga ba ka hana ta tsayuwa ba. Ina ajiye ta da wuri in zan buɗe shago. Sai ta tsaya a bakin ƙofar makaranta, daidai tagar ɗakin nan, jakarta a baya, tana miƙa wuya. Malamar takan bar tagar a buɗe, ta ɗaga muryar da ba ta da ita. Jiya yarinyar ta ɗauki allina ta zana wani abu a teburin yanka ta ce, “Anti, wannan shi ne harafin farko na Baba?” Shi ne kuwa.

Kai kana can kana fushi da bencin da aka yi makamashi da shi shekara talatin da suka wuce.

Tela

*

Tela,

Allah ya sa wannan ta same ku lafiya. Ni lafiyata ƙalau, ki gaya wa Gwaggo ta kwantar da hankalinta. Ke kika yi gaskiya. Rabin gaskiya dai.

Ga yadda aka yi, ba zan rage ba. Doguwar wasiƙarki ta same ni. Na karanta, na tura ta ƙarƙashin katifa, tanka ta zo ta koma ban ba da amsa ba. Wannan kwana taran nawa ne, girman kai ne, na amsa. Na sa hannu ranar Alhamis, ranar Juma'a ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da titi. Mako huɗu ba tanka, ba zuwa gari, har gas ɗin walda ya ƙare muka zauna muna kallon juna. Takardar tana aljihuna da hannuna a kai, tana shan gumi. Jiya aka buɗe hanya, direba ya miƙo mini 'yar gajeriyar wasiƙarki mai yaji. Na cancanci kwana tara daga cikinta. Sauran ki kai ƙarar ruwan sama.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwar Aku. A dangi an san na bar makaranta a aji biyar don na fi son gareji. Haka Baba ya faɗa, haka na bari. Gaskiyar ita ce ban iya karatu ba. Ni ma haddacewa nake yi. Har aji uku ni ake tsayarwa in an yi baƙi. A aji huɗu aka kawo littafi mai kauri ba hoto, asirina ya tonu, malami ya ce iskanci na fara, tunda da ina iyawa. Ya yi ta duka don ya dawo da abin da bai taɓa zuwa ba. Ba na ƙinsa yanzu. Mu tamanin ne a gabansa, kuma shi ma haka aka koya masa. Amma da ko sau ɗaya wani ya rufe hoto da tafin hannu ya tambaye ni ina ɗan shekara bakwai, da ba a ɗakin mutum takwas nake rubuto miki wannan ba.

Sai da na kai shekara ashirin da shida na koya. A wani aikin bututu na kusa kai wuta jikin tankin da aka rubuta wa gargaɗi ɓaro-ɓaro. Wani mai fenti ya fizge ni, ya dubi rubutun, ya dube ni, ya gane. Bai tona ni ba. Kullum lokacin hutun rana sai ya zauna da ni bayan kwantena, yana zana haruffa da ƙusa a kan ƙarfe mai tsatsa. Wata bakwai muka yi. Gardi da gemu yana ba, bi, bu. Shi ya sa wasiƙuna suke da tsawo, Tela. Abin da ka samu da wuya ba ka gajiya da nuna shi.

To da kika rubuto cewa ta roƙi a ɗaga hannu ta ga ko wanne ne, ba da ke na yi fushi ba, ba da malamar ba. Kaina na gani. Ina ta tutiya 'yata ta tsallake ramin da na faɗa, ashe tana bakinsa, ni kuma ina nesa ina tafa mata.

Ga takardar. In an makara, ki je ki ce wa malamar uban ya ce ya yi kuskure, da bakinsa ya faɗa. Kada a tayar da ɗan kowa saboda ni. Amma ki tambaye ta abin da za a iya yi daga gida, ko daga nan inda nake.

Ƙaramar ambulan ɗin ta Aku ce, na liƙe ta. Kada ki karanta mata, kada maigidanki ya karanta mata, ko da ta yi kuka. Kalma takwas ce, da manyan baƙi. In ta ɗauke ta wata guda, ta ɗauke ta.

Ki yafe mini maganar yadi.

Yayanki,
Mai walda

*

Yaya mai walda,

Alhamdulillahi da jin kana lafiya. Mu ma haka. Na karanta wa Inna farkon wasiƙarka da ƙarshenta. Tsakiyar taka ce, ban taɓa ba.

An makara da kwana goma sha ɗaya. An ba 'yar mai gyaran takalmi na bakin titi kujerar, yarinyar da ko sunanta ba ta ganewa a rubuce. Na isar da saƙonka kalma-kalma. Malamar ta ce shekara shida tana koyarwa, ba uban da ya taɓa aiko mata da “na yi kuskure”. Ta ce ba za ta tayar da waccan ba. Na ce shi ma haka ya ce.

Muka tafi wurin hedimasta. Ya ce tsari ya ce goma sha biyu. Malamar ta ce, “Ranka ya daɗe, tsari ne ya ce, ko kujeru?” Ya duba takardarsa, ya juya bayanta, ya cire tabarau ya goge, ya ce shi dai ba shi da kujerar da zai bayar. Na ce ni ina da ita. Washegari na ɗora kujerar da nake zama in yi kalmasa a ka, Aku tana biye da ni, matan layinmu suna leƙowa suna tambaya ko tashi muke yi. Yanzu a kan bokiti nake kalmasa. Ka sani, don kai nake zaman bokiti.

Mako uku ke nan. Ba zan ƙara yi maka ƙarya ba, ba a zama lauya ba tukuna. Tana rikita wasu haruffa, in ta gaji kuma sai ta koma halinta na da, ta kalli fuskar mutum ta cinka. Ni ma an ba ni aiki, minti goma kullum da yamma, da alli a kan teburin yanka. Malama ta hana ni gaya mata kalma. Wai in ƙirga goma a zuciyata kafin in buɗe baki, ni da ban taɓa kai biyu ba. Ciwon cikin Laraba sau ɗaya ya dawo.

Ta wani wajen ka yi gaskiya, yara sun sa musu suna, 'yan sammako. Aku ta dawo da kuka ranar farko. Sai malamar ta roƙi a bar su su riƙa kaɗa ƙararrawa bi da bi, tunda su ke fara zuwa. Yanzu har waɗanda suka iya karatu suna tambaya ta yaya ake shiga.

Ambulan ɗinka kuwa kwana goma sha shida ta ci. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta ƙi cin abinci na rabin awa, ta gwada ba maigidana toshiyar alewa. Kullum kalma ɗaya ko rabi. “Akwatina” kaɗai kwana huɗu. Ranar Asabar ina kan keke na ji ihu: “Buɗe akwatina! Duba ƙasan jar riga! Naki ne!” Ta ruga ɗakin Inna ta jawo akwatinka daga ƙarƙashin gado. Ƙasan jar riga ga littafin rubutu mai shuɗin bango, duk tabon mai. Ta buɗe, ga ba, bi, bu, layi bayan layi, a karkace kamar shingen da iska ta kaɗa. Ta daɗe tana kallo, tana karanta su ɗaya-ɗaya da kanta. Sai ta ce, “Anti, wane yaro ne wannan? Ai na fi shi.” Na ce ta tambaye ka. Ni dai na fita tsakar gida, na ce ƙura ce ta faɗa mini a ido.

Malama ta ce ka ci gaba da aiko liƙaƙƙun, kada su wuce layi uku, kuma kowanne ya zama akwai abin da za ta samu ko za ta yi in ta gane shi.

Na ƙasa hannunta ne. Na faɗa mata haruffa biyu da ta tambaya, sauran nata ne. Awa guda ta yi.

BABA NA KARANTA DA KAINA. WANE YARO NE. KA ZO.

Tela

*

Tela,

Ina gaishe ku baki ɗaya. Idanuna da sauƙi, sai dai tun jiya suke ruwa, na ce wa 'yan ɗakinmu walda ce.

Amsar tambayarta tana cikin ƙaramar ambulan, kalma uku. Ki bar ta ta sha wuyarta. In ta gane, ki rubuto mini abin da ta ce, kada ki rage ko da ba daɗi. Ta fi shi kuwa, da shekara goma sha tara.

Ki gaida malamar. Ki ce mata ta riƙa shan ruwan ɗumi saboda muryar nan, muna da sauran buƙatarta. Ki kuma tambayi hedimasta kujera nawa sito ɗin zai ƙara ɗauka in an matsa tebur. Na san kujera ba malama ba ce, kuma mace ɗaya ba za ta ɗauki yara talatin a rabin awa ba, wannan aikin manya ne da suke zaune a ofis mai sanyi. Amma ni abin da na iya ke nan. Ki ce wa maigidanki ya fara duba mini ragowar ƙarfe a gareji, in ya ga katako mai kyau ya ajiye. Ta farkon da zan haɗa taki ce, ki sauka daga kan bokiti kafin dangi su ce na wulaƙanta 'yar Gwaggo.

Taubashinki,
Mai walda

Na manta. Na je ofis na sa an duba mini hutun da ban taɓa ɗauka ba tun zuwana. Sun so su ce kwana goma sha takwas, na tsaya a kansu sai da aka sake ƙirgawa. Kwana ashirin da shida na tara. Biyu a hanyar zuwa, biyu a hanyar komowa. Saura ashirin da biyu a gida, daga ranar uku ga wata mai zuwa.